Ba Kowace Lotsawa Ce Ke Buƙatar Fanel Bita Ba

 Ranar Litinin ɗin nan da ta wuce ina kan hanyar dawowa daga kai kaya Ojota, daidai Ketu sai na tarar titin Ikorodu ya cushe, ba gaba ba baya. Na ɗauka tirela ce ta lalace kamar yadda aka saba. Sai da muka ja jiki muka iso wurin na ga ashe wasu mutum biyu ne suka tsayar da motocinsu a tsakiyar titi, kowa ya cakumi wuyan rigar ɗan uwansa, ɗaya da hula zanna a kansa, wato dai namu ne. Na leƙa ta taga don in ga irin ɓarnar da ta jawo wannan tashin hankali. Wallahi mai karatu, lotsawa ce a ƙofar baya wadda tafin hannuna zai rufe ta, ko fentin bai kwarzane ba. Aikin rabin awa ne ga wanda ya san yadda ake yi. Amma ga magidanta biyu suna neman zubar da mutuncinsu a kanta, ga jama'a sun fara taruwa, kuma duk wanda ya zauna a Legas ya san abin da taruwar jama'a a titi take haifarwa.

Ban yi masu dariya ba, domin ni ma na taɓa yin abin da ya fi nasu. Tun da na gama sakandare ban ci gaba ba, Baba ya damƙa mini makullin wata tsohuwar Sienna da muke kai wa masu gidajen abinci kayan gwari daga Mile 12. A shekarar 2021, ban fi wata uku da fara tuƙa ta ba, wani mai baro da ya ɗauko kwandunan tumatir ya kasa riƙe baron a gangara, ya zo ya daki ƙofar gefe ta dama. Na fito kamar zan ci babu, na riƙe baron yaron nan na ce ba inda za shi sai ya biya. Yaro ne ɗan wajen Zamfara, ko takalmin kirki babu a ƙafarsa, abin da ke aljihunsa gaba ɗaya bai isa a sayi ko gwangwanin fenti ba. Sai da dattawan layinmu suka sa baki na sake shi, kuma har yau in na tuna irin maganganun da na gaya masa kunya nake ji. Gaskiyar magana ba motar ce ta dame ni ba, tsoron abin da Baba zai ce ne.

Don kada Baba ya gani, washegari da sassafe na ce masa burki na ƙara, na wuce da ita wajen fanel bita. Mutumin ya duba, ya ce kwana biyu. Kwana biyu suka zama huɗu, Baba yana ta biyan kuɗin hayar mota, dole na fito na faɗi gaskiya. Abin da aka yi wa ƙofar nan a gabana aka fara shi. Aka buga ta da guduma sama-sama, aka goge fentin kamfani da samfefa har ƙarfe ya bayyana, aka kwaɓa fila aka shafe ramin, aka sake gogewa, sannan mai fenti ya haɗa kala da ido ya fesa. Ranar da na karɓo ta sai sheƙi take yi, na ce madalla. Bayan 'yan watanni rana ta dake ta, sai ƙofar ta fita daban da sauran jikin motar, kamar wanda ya sa riga da wando na yadi iri ɗaya amma ba a rina su tare ba. Da damina ta zagayo, sai ga tsaga siririya ta fito a gefen filar.

Ba a nan asarar ta tsaya ba. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, Baba ya yi tunanin sayar da Siennar ya nemi ƙaramar mota, domin injinta mai silinda 6 ne, ba ta wasa da mai. Dilan da ya zo bai ma fara buɗe bonet ba, sai ya ciro wani ɗan maganaɗisu daga aljihu yana bin jikin motar da shi. Ko'ina yana kamawa, da ya zo ƙofar nan sai ya sulale ƙasa. Ya dubi Baba ya ce, Alhaji wannan ba fes bodi ba ce, an taɓa buga ta. Duk rantsuwar da na yi cewa baro ne ba haɗari ba, bai saurare ni ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin shi ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fila. Abin da ya zabge daga kuɗin ya ninka kuɗin gyaran sau da yawa. Baba ya fasa sayarwa, har yanzu tana nan muna fama.

To daga nan ne na ɗauki ra'ayin da nake son in kare a yau. Ni a ganina, duk lotsawar da ba ta fasa fenti ba, kuma ba ta karya ƙarfe ta yi masa kaifi ba, bai kamata a kai ta inda za a goge fenti a shafa fila ba. Mai mota ko yaronsa ya kamata ya koyi fito da ita da kansa, da kayan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Fentin da mota ta zo da shi daga kamfani gasa shi aka yi da zafi, a wurin da babu ƙura, kuma in ka goge shi ka goge ke nan, duk ƙwarewar mai fesawa a ƙarƙashin bishiya ba zai mayar maka da irinsa ba. Mu 'yan kasuwa ne, mun san cewa mota tokunbo jari ce, ranar da ciniki ya karye ita ake fara ɗagawa. Ashe ke nan wanda ya bari aka goge masa fenti saboda lotsawa mai faɗin murfin kofi, daga uwar kuɗinsa ya gutsura.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne fatar jikin mota ba ta da kauri ko kaɗan, a yawancin motoci ba ta kai milimita 1 ba. A kamfani an danna ta ne a cikin wani babban injin matsi har ta ɗauki siffar ƙofa ko bonet, saboda haka in wani abu mai faɗi ya tura ta ciki ba tare da ya miƙar da ƙarfen ba, tana nan tana neman hanyar komawa yadda take. Ka taɓa danna gefen gwangwanin madara ka saki ya dawo da kansa? To kusan haka ne. Abin da ke hana ta dawowa shi ne ɗan tudun da ke tasowa a kewayen ramin, shi ke riƙe da ita. Aikinka kawai ka taimaka mata, ka jawo tsakiyar a hankali, ka kwantar da tudun a hankali. Fentin kamfani kuwa yana da ɗan jurewa, yana iya bin ƙarfen ya lanƙwasa ya dawo bai tsage ba.

Kafin ka taɓa komai, wanke wurin tas da sabulu ka bar shi ya bushe, sannan ka duba shi ta gefe, ba ta gaba ba. Ni nakan ajiye motar kusa da ƙyauren gidanmu mai sandunan ƙarfe, in duba inuwar sandunan a jikin fentin. Inda jiki yake lafiya za ka ga layukan a miƙe, inda ya lotsa za ka ga sun karkace, nan ne za ka gane ainihin girman ramin, wanda sau da yawa ya fi abin da ido ya fara gani. Sai ka bi wurin da farce. In farcenka ya maƙale a wata tsaga, fenti ya fashe, tsaya nan, za mu zo kansa. Sannan ka yi dabarar dilan nan, ka naɗe maganaɗisu a ƙyalle ka bi wurin. In yana kamawa ko'ina amma ya saki a wani gefe, akwai tsohuwar fila a nan, kada ka ja.

Mafi sauƙi duka ita ce lotsawar bamba, kuma ita ce ta fi yawa a garin nan, tunda a goslo kowa hancin motarsa na bayan ta wani. Bambar motocin yanzu roba ce, roba kuwa in ta ji zafi laushi take yi. Ka tafasa ruwa cikin buta babba, ka riƙa kwarara shi sannu a kan wurin da kewayensa, sai ka zura hannu ta baya, ta ƙasan mota ko ta wajen taya, ka tura da tafin hannu ko da ƙotar guduma da ka naɗe da tsumma. Sau da yawa za ka ji ta yi ɓas ta fito. Kana riƙe da ita a haka wani ya kwara mata ruwan sanyi don ta daskare a inda take. In ba ta fito duka ba ka sake, ba a gajiya da tafasa ruwa. Abu biyu zan ja kunne a kai. Na farko ka duba bayan bambar tukuna, domin akwai wayoyin fitila, wasu motocin kuma da 'yan na'urorin nan masu ƙara in za ka yi baya, kada ka fizge su. Na biyu kada ka yi aikin nan da silifas. Ni na yi, ruwan ya gangaro ta ƙasan bamba ya sauka a kan ƙafata, sati guda ina ɗingishi a kasuwa ana tambayata ko acaba ne ya taka ni.

In a jikin ƙarfe ne, kuma lotsawar mai faɗi ce marar zurfi, kamar wadda mutum kan yi in ya jingina da ƙofa da ƙarfi ko buhu ya faɗo a kan bonet, to robar nan mai sanda da ake buɗe toshewar magudanar ruwa da ita tana aiki. Ka nemi mai faffaɗan baki kamar kwano, kuma don Allah ka sayi sabuwa, kada ka ɗauko ta bayan gida. Ka jiƙa bakinta da jikin motar, ka manna a tsakiyar ramin, ka danna kaɗan don iska ta fita, sai ka ja kai tsaye zuwa ƙirjinka. Kada ka danna da ƙarfi, kar ka ƙara wa ramin zurfi. Wani lokaci ja ɗaya ya isa, wani lokaci sai ka yi ta matsawa gefe-gefe.

Wanda ya fi buƙatar haƙuri, kuma shi ne ainihin abin da nake so matasanmu su koya, shi ne jan gam. Kayan a ƙunshe suke zuwa cikin 'yar jaka, ni a Ladipo na samo nawa, kasuwar kayan mota da ke Mushin, in ka sauka a tashar Toyota kan titin Oshodi zuwa Apapa. Ana samunsu kuma wajen masu sayarwa ta intanet. A ciki akwai bindigar gam irin wadda mata masu haɗa jaka da takalma ke amfani da ita, da sandunan gam, da wasu 'yan maɓallan roba manya da ƙanana, da wata 'yar gada mai ƙafa biyu da noti a tsakiya, da ɗan sandan roba na ƙwanƙwasawa. Abin da na biya gaba ɗaya bai kai rabin abin da na kashe a ƙofar nan guda ɗaya ba, kuma yau shekara biyu ke nan ina mora, gam kawai nake ƙarowa.

Yadda ake yi, ka goge wurin da sifirit na kemis don ya cire maiƙo, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Ka zaɓi maɓallin da bai kai faɗin ramin ba, ka ɗiga masa gam mai zafi, ka ɗora a tsakiyar ramin ba tare da ka matse shi har gam ɗin ya tsere ba. Ka ba shi 'yan mintuna ya yi tauri, in ka taɓa da farce ka ji ba ya lotsewa ya yi. Sai ka ɗora gadar, ƙafafunta a kan lafiyayyen wuri hagu da dama, ka riƙa murɗa notin kaɗan-kaɗan kana kallon layukan inuwar nan. Ƙarfen zai riƙa tasowa, daga ƙarshe maɓallin ya ɓalle da kansa. Gam ɗin da ya rage a jikin fenti kada ka kankare shi da wuƙa, ɗiga masa sifirit a gefe, zai saki ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Ka duba, ka sake da ƙaramin maɓalli. Lotsawa guda tana iya cin ja biyar, tana iya cin goma sha biyar. In wani wuri ya taso ya wuce daidai, ka ɗora sandan robar a kansa ka riƙa ƙwanƙwasawa da sauƙi, irin ƙwanƙwasa ƙofar surukai, ba bugun maƙera ba. Haka za ka yi wa tudun da ke kewaye, kana kwantar da shi kana jan tsakiya, har layukan su miƙe.

Zafin garin nan ma yana da nasa hukuncin. In mota ta sha rana jikinta ya yi zafi, gam ba ya daskarewa da kyau, kana ja zai saki ba tare da ya ɗago komai ba. In jikin da laima, shi ma ba zai kama ba. Saboda haka lokacinsa shi ne da hantsi a inuwa, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta take, in an yi sa'a akwai wuta. Ni ranar Lahadi nake yi, da yake kasuwa da sauƙi.

Akwai kuma abin da za ka gani a bidiyon waya, wai a hura wa ƙarfe zafi da na'urar busar da gashi sannan a fesa masa sanyi, sai lotsawa ta fito da kanta. Na ari na'urar matar yayana na gwada har sau uku a lotsawa daban-daban, ban ga ko motsi ba, sai dai na dawo mata da ita tana warin ƙuna. A kan roba zafi yana aiki, a kan ƙarfe kuwa ni dai ban ci ribarsa ba. Wanda kuma zai kawo maka shawarar a huda ƙarfe a sa ƙugiya a ja, ka ce masa ya fara gwadawa a tasa. A garin da iskarsa ke ɗauke da laima da gishirin teku, duk hudar da ka yi wa mota ka buɗe wa tsatsa ƙofa ne.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ɗauka ya zama gwani, ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ni na ɗanɗana. Da hannuna ya fara faɗawa sai na ga babu abin da zai gagare ni. Wata rana ƙofar nan dai da aka yi wa fila ta sake samun 'yar lotsawa can ƙasa, na ce ai nesa take da filar, na manna gam na ja. Maɓallin ya taso da fentin gaba ɗaya, faɗin tsohon kwabo, domin fentin da aka fesa daga baya bai kama ƙarfe kamar na kamfani ba. Garin gyaran gira na rasa ido. Tun daga ranar na kafa wa kaina iyaka. Inda aka taɓa sake fenti ba na ja. Inda fenti ya tsage ba na ja, gara a rufe shi da wuri kafin ruwa ya shiga. Lotsawar da ta yi kaifi kamar an sara da adda, ko ta faɗa a kan layin da kamfani ya karya jikin motar da shi, ko a bakin ƙofa inda ƙarfe ya ninku biyu, duk waɗannan ba nawa ba ne. Haka in maganaɗisu ya ƙi kama bonet gaba ɗayansa, alminiyom ne, shi kuwa ba ya komawa da sauƙi kamar ƙarfe. Uwa uba in bugun ya kai ga ƙofa ba ta rufuwa daidai, ko sitiyari na ja gefe, ko fitila ta goce, wannan ya wuce maganar kwalliya, a kai wa masu sana'a.

Na san akwai masu ja da ni, kuma na farkonsu a gidanmu yake. Baba cewa yake yi motar nema ce ba ta kai amarya ba, in dai tana tashi tana tsayawa a bar ta da tabonta, wanda ya dubi danfo ya san Legas ba garin da ake tsaron jikin mota ba ne. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, kuma da zaɓin biyu ne kawai, ko a bar lotsawa ko a shafa fila, to da na bi bayansa, barin ta ya fi. Amma mai saye ba ya tunani irin na Baba, kowane rami da ya ƙirga sai ya rage wani abu, sannan manyan wuraren da muke kai wa kaya a Ikeja, tun daga bakin ƙofa mai gadi ke auna ka da motarka. Tunda akwai hanya ta uku wadda ba ta cin fenti kuma ba ta cin kwana huɗu, ban ga dalilin ƙin ta ba.

Wani abokina kuma ya ce ina neman in cire wa masu fanel bita abinci a baki, alhali mu ma da cinikinsu muke ci. Wannan ta ɗan tsaya mini a rai, domin akwai wani dattijo Bayerabe mai garejin kusa da mu wanda matarsa a wajenmu take sayen tattasai. Na je na same shi da maganar, na ce Baba ga abin da nake yi. Dariya ya yi, ya ce in dai danfo da tirela na yawo a titin Ikorodu shi ba zai kwana da yunwa ba, ƙananan ayyukan nan ma cika masa fili suke yi. Shi ne ma ya nuna mini yadda ake cire bangon cikin ƙofa a tura lotsawa ta baya da sanda mai santsin kai, ya kuma gargaɗe ni in kula da wayoyi da igiyar gilashi da ke ciki. In aiki ya fi ƙarfina wajensa nake kaiwa, kuma yanzu da na san abin da nake kallo, nakan ce masa a buga ƙarfen ya fito sosai tukuna, fila ta zama shafe ce kawai ba ciko ba.

Masu cewa kuma bai dace a ga ɗan Alhaji durƙushe a gindin mota da butar ruwan zafi ba, su ba ni da amsar da zan ba su, illa in ce kakannin da suka kafa mana zango a garuruwan nan a ƙasa suka zo da kaya a ka.

Sai dai akwai wani abu guda da ya kamata a faɗa tsakaninmu 'yan kasuwa. In ka fito da lotsawa ta koma kamar ba a yi ba, ranar sayarwa in an tambaye ka ka faɗi. Ba abin da zai rage maka, tunda fentin na asali ne kuma maganaɗisu zai ba ka gaskiya. Ɓoye aibin kaya ba tarbiyyar da aka yi mana ba ce, balle abin da ma ba aibi ba.

Yanzu bari in koma kan mutanen nan biyu na Ketu, domin su ne suka sa na ɗauki alƙalami. Me ke sa mutum ya tare titi a kan lotsawa? Lissafi ne yake yi a ransa cikin daƙiƙa guda, kuɗin fanel bita, kuɗin fenti da ya hau tun da naira ta faɗi a 2023, kwanakin da mota za ta yi a gareji, da faɗan mai gida in motar ba tasa ba ce. Inshorar dole da muke yanka, wadda a Janairun 2023 aka ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motocin gida, motar wanda ka buga take biya ba taka ba, kuma ni dai ban taɓa ganin wanda ya bi layin takardunta saboda lotsawar tafin hannu ba. Saboda haka kowa gani yake in bai karɓi kuɗinsa a nan take ba ya tafi ke nan, shi ya sa ake cakumar riga.

Amma mu da muke zaune a garin wasu, cakumar riga tana da wani farashin da ba a rubuta ba. Waɗanda ke Mile 12 a watan Maris na 2016 ba su manta ba, rigimar da ta faro daga maganar ɗan acaba a kan hanya ta zama faɗan ƙabilanci, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya, gwamnatin Ambode ta rufe kasuwar, kayan gwari suka ruɓe a kan motoci. 'Yan uwanmu na Ibadan su ma sun ga irinta a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, daga cacar baki tsakanin mutum biyu. Ba wanda ya fita daga gida ranar da niyyar tayar da gari. In kai da wani kuka yi sa-in-sa a Kano, mutum biyu ne suka yi faɗa. In a Ketu ne, kafin minti biyar an daina ganin ku biyu, an koma ganin aboki da ɗan gari, kuma waɗanda za su biya kuɗin fushinka su ne mai shayi da mai wankin takalmi da ba su san hawa ba balle sauka.

Za a ce to haka za mu yi ta sakin haƙƙinmu har a raina mu? Ban ce haka ba. In ɓarna babba ce, a ja motoci gefe, a ɗauki hoto, a karɓi lambar waya, a bi ta hanyar da ta dace, kuma muna da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da aka naɗa don irin wannan. Abin da nake cewa shi ne, yawancin abin da ake tare titi a kansa bai kai nan ba, kuma na lura da kaina cewa tun da na iya gyaran nan zuciyata ta daina tashi kamar da. In na ji ƙarar bugu na fito, ba fuskar mutumin nake fara kallo ba, fentin nake kallo. In bai fashe ba na riga na san abin da zai ci mini, sandar gam biyu da safiyar Lahadi. Haƙuri yana da sauƙi in ka san asarar ba ta da yawa. Sannan mu faɗi gaskiya, rabin masu buga mana motoci a cikin kasuwa namu ne, 'yan baro da 'yan dako da masu kurar ruwa, waɗanda in ka ƙwace cinikinsu na yini ka hana wasu yara cin tuwo a ƙauye.

Watan jiya a Agege wani mai Keke Marwa ya shigo mini ta dama ya daki bayan motar, sama da taya. Ya fito jikinsa na rawa yana ta ba ni haƙuri da Yarabanci, fasinjojinsa sun yi tsuru-tsuru suna jiran a fara. Na shafa wurin da farce, na ce masa ya tafi. Sai da ya sake tambaya ko da gaske nake. Ranar Lahadi na yi mata ja tara, ta fito, sai wani ɗan kwarmi kamar ƙwayar wake da ya ƙi, wanda ba ka ganinsa sai ka tsuguna ta gefe da yamma. Na so in ƙara ja ɗaya, na tuna da fentin da na taɓa ɓarewa, na tattara kayana. Baba ya fito zai tafi masallaci, ya tsaya ya shafa wurin, ya ce in na gama akwai wata a motar Alhajin da ke rumfar kusa da tamu, ya riga ya ce masa zan zo.